INA RUWAN MAI LEMO DA BOM ƊIN MANYAN ƘASASHE?

Duk wanda ya yi sammako ya bi ta Na'ibawa ya san yadda gari ke waye wa talaka. Manyan motoci sun kwana a hanya, sun iso da lemo da ayaba da abarba, 'yan dako suna saukewa, masu baro suna jiran a kira su. Can gefe 'yan katako suna buɗe rumfuna, ma'aikata kuma sun tsaya bakin titin Zariya suna neman motar da za ta kai su Sharada ko Challawa ko Bompai. In ka tsai da ɗaya daga cikinsu ka ce masa manyan ƙasashen duniya suna wasa wuƙa, kowa yana tara makaman ƙare dangi, abin da zai ce maka shi ne, "Malam, ni kuɗin mota ya dame ni, ina ruwana da bom?"

Gaskiyarsa. Amma mu muna cewa da ruwansa, har da tsaki. Za mu kuwa kawo hujja daga abin da ya faru a ƙofar gidanmu, ba daga Turai ba.

RANAR DA AKA TASHI BOM A HAMADA

Ran 13 ga Fabrairu, 1960, muna cikin hazon hunturu, Faransa ta tashi bom ɗinta na nukiliya na farko. Ba ta tashe shi a bayan birnin Paris ba. Ta kawo shi Hamadar Sahara, kusa da wani gari da ake kira Reggane a kudancin Aljeriya, mil 1,000 da ɗoriya daga Kano. Ƙarfinsa ya ninka na wanda Amurka ta jefa wa Hiroshima a 1945 wajen sau huɗu. Turawan suka ce wurin fili ne, babu kowa. Alhali akwai mutane a garuruwan dabino na yankin, akwai Buzaye makiyaya da raƙumansu, irin waɗanda kakanninsu suka yi ta kawo fatauci kasuwar Kurmi.

Tun kafin a tashe shi mutanen Afirka suka yi ta kuka. A ƙarshen 1959 wata ƙungiya ta tashi daga Accra da niyyar zuwa ta zauna a filin gwajin, sojan Faransa suka tare su a Upper Volta, watau Burkina Faso ta yau. Da aka tashi bom ɗin, Kwame Nkrumah ya riƙe dukiyar Faransa da ke Ghana. Duk da haka ba su fasa ba. Suka sake a watan Afrilu, suka sake ran 27 ga Disamba, wata uku ke nan bayan mun sami mulkin kai.

A nan ne gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Balewa ta yi abin da ya kamata. Mu 'yan hamayya ne, amma gaskiya ɗaya ce, ko daga bakin wa ta fito. A watan Janairu 1961 aka sallami jakadan Faransa daga Ikko, aka hana jiragenta na sama da na ruwa sauka a tashoshinmu. Sai da aka yi wajen shekara biyar kafin a mai da hulɗar jakadanci. Ƙasa sabuwa, ba ta da bom, ba ta da manyan jiragen yaƙi, ta dubi idon Bature ta ce ba ta yarda ba.

Faransa dai ta ci gaba, har bayan Aljeriya ta sami 'yanci a 1962. Gwaji 17 ta yi a Sahara, 4 a sarari, 13 a cikin dutse a In Ekker, na ƙarshe a 1966. Ran 1 ga Mayu, 1962, dutsen ya kasa riƙe wutar, ƙura mai guba ta fito ta lulluɓe soja da ma'aikata har da ministocin Faransa biyu da suka zo kallo. Sai a 2014 wata jarida a Paris ta buga taswirar sojan Faransa da aka daɗe ana ɓoyewa, wadda ta nuna ƙurar bom na farko ta bazu a Afirka ta Yamma, ta kuma haura teku har kudancin Turai cikin mako biyu. Iska ba ta tsayawa a shingen kwastan. Wanda ya rataya rigarsa a igiya lokacin hunturu ya san daga ina ƙura ke zuwa.

FILIN DA AKA NEMA A KANO

A shekarar nan ta 1960 kuma wata magana ta taso wadda ta shafi Kano kai tsaye. Kafin Ingila ta miƙa mulki, ta nemi a ƙulla yarjejeniyar tsaro da ita. A cikin sharuɗɗan farko da aka tsara a 1958 har da ba ta aron fili a Kano, inda za ta yi gine-gine ta ajiye mutanenta don jiragen yaƙinta su riƙa ya da zango. Lokacin nan ana tsakiyar yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Rasha, kowane ɓangare ya auna biranen ɗan'uwansa da bom. To, jama'a, garin da jirgin yaƙin wani ke kwana a cikinsa, me ya zama a idon abokin gabansa?

An ɓoye maganar har sai da Cif Awolowo, jagoran 'yan hamayya a majalisa, ya tona. A watan Nuwamba 1960 ɗalibai suka yi ɗango har majalisar tarayya a Ikko, ƙungiyoyin ƙwadago suka mara musu baya. An cire zancen filin, sa'an nan a watan Janairu 1962 aka soke yarjejeniyar baki ɗaya. Ba bindiga ta soke ta ba, bakin jama'a ne. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

KURA DA SHAN BUGU

Abin da ake haɗa bom da shi, kuma ake kunna tashoshin lantarki na nukiliya da shi, wani ma'adini ne da ake kira yuraniyam. Na bom ɗin Hiroshima yawancinsa daga Kwango aka haƙo shi. A arewacinmu kuwa akwai shi jibge a Arlit, cikin ƙasar Agadas, wadda in an miƙe hanya ta fi Ikko kusa da Kano. Tun daga 1971 kamfanin Faransa ya yi ta haƙarsa a can. Faransa tana samun wajen kashi biyu cikin uku na lantarkinta daga nukiliya. A Nijar kuwa, bayan shekara hamsin ana haƙa, wajen mutum ɗaya cikin biyar ke da wuta a gidansa, kuma har zuwa 2023 yawancin wutar daga Nijeriya ake saye. Da aka rufe ramin Akouta a 2021, an bar wa mutanen garin tulin ƙasa mai guba wajen tan miliyan 20. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ko sunan Nijar ma ba a bar shi ba. A 2003 gwamnatin Amurka ta ce Saddam Husaini ya nemi yuraniyam a Afirka, aka nuna takardu wai daga Nijar suka fito. Hukumar nukiliya ta duniya ta duba ta ce takardun jabu ne. Duk da haka aka auka wa Iraƙi, aka rushe ta, ba a sami bom ko ɗaya ba.

DA AKA RUFE IYAKA

Mai lemo zai ce wannan duk tarihi ne. To, bari mu zo kan abin da ya taɓa aljihunsa. Ran 26 ga Yuli, 2023, soja suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai. Mu ba ma yabon juyin mulki, don talaka bai taɓa samun sawaba a ƙarƙashin takalmin soja ba. Amma ku dubi maganin da aka kawo. Shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja ran 30 ga wata, suka ba da mako guda, in ba a mai da mulki ba a yi yaƙi. Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, aka rufe iyaka.

Wa ya ji a jikinsa? Janar bai kwana da yunwa ba, shugaban ƙasa bai kwana a duhu ba. Motocin kaya ne suka yi jerin gwano a Jibiya da Illela da Kwangwalam da Maigatari, albasa da tattasai suna ruɓewa a cikin buhu, direba da yaron mota suna cin bashi. Ɗan kasuwar Kwari da na Singa da na Dawanau suka zauna suna hamma, don abokin cinikinsu na Maraɗi da Damagaram ba shi da hanya. Mai masana'anta a Sharada ya cika sito da bokiti da takalmin roba da alewa, babu mai ɗauka. Mai jima a Challawa yana jiran fata, mahauci yana jiran dabba. Haka aka zauna har watan Maris 2024, wata bakwai da ɗoriya.

Kuma da wa za mu yi yaƙin? Jihohi bakwai na Arewa, daga Kebbi har Borno, suna jingine da Nijar, iyakar ta fi mil 900. Katsina da Maraɗi gida ɗaya ne, Gobir tana nan tana can, Daura da Damagaram kuwa sai dai a tambayi dattawa. Bature ne ya ja layi a takarda. Sojan da za a tura, watakila ɗakin kakarsa zai fara harbi. Allah ya sa 'yan majalisar dattawa suka ƙi amincewa da yaƙi ran 5 ga Agusta, sarakuna da malamai suka yi ta zirga-zirga zuwa Yamai, jama'a kuma suka ɗaga murya a masallatai da kasuwanni. Abin da ya faru a 1962 ya sake faruwa: talakawa suka ce a'a, mahukunta suka ja da baya.

Bayan haka me ya biyo? Sojan Faransa suka fice daga Nijar a watan Disamba 2023. A watan Afrilu 2024 sojan Rasha suka sauka a Yamai. Amurka ta bar sansaninta na jirage marasa matuƙi a Agadas a cikin shekarar. Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancensu, suka fita daga ECOWAS a watan Janairu 2025. A watan Maris na shekarar Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi, a watan Yuni kuma ta ƙwace kamfanin yuraniyam na Arlit daga hannun Faransawa. Waɗansu 'yan'uwanmu suna ta tafi don an kori Bafaranshe. Mu ma ba mu yi kukan tafiyarsa ba. Amma muna tambaya: wanda ya shigo, don Allah ya zo? Barashe da Ba'amurke su ne ke riƙe da wajen kashi 90 cikin 100 na bama-baman nukiliya kimanin 12,000 da ke duniya. Ba wanda ya baro ƙasarsa don yana son tuwonmu. In ka sauya ubangida ba ka fita daga bauta ba, an gudu ne ba a tsira ba.

Mai dariya a wannan rigima shi ne ɗan bindiga. Yana satar shanu a Zamfara ya tsallaka, yana kisa a can ya komo nan, sojan wannan ƙasa da na waccan kuwa suna hararar juna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

MASU CEWA MU MA MU NEMI NAMU

Akwai masu cewa duniyar nan ta mai ƙarfi ce, don haka mu ma mu nemi bom ko mu raɓu da mai bom. Suna kawo misalin Gaddafi, wanda a 2003 ya amince zai miƙa kayan nukiliyarsa, sa'an nan a 2011 jiragen NATO suka yi wa Libiya ruwan wuta. Suna cewa Koriya ta Arewa da ta riƙe nata ba wanda ya taɓa ta. Ba za mu ce maganarsu ba ta da kai ba. Manyan ƙasashe sun yi alkawari a yarjejeniyar 1968 cewa za su kama hanyar zubar da nasu, ga shi har yau suna sabunta su. A 2024 kaɗai duniya ta kashe dala tiriliyan 2.7 a kan soja da makamai. Munafuncin a fili yake.

Amma mu tambayi kanmu, wane ne ke kashe mu? Ran 20 ga Janairu, 2012, aka tashi bama-bamai a Kano, har da hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, mutum fiye da 180 suka rasu. Ran 28 ga Nuwamba, 2014, aka auka wa masallata a Babban Masallacin Juma'a na cikin gari. Da muna da bom ɗin nukiliya, wa za mu jefa wa? Pakistan tana da shi tun 1998, bai hana 'yan bindiga shiga makaranta a Peshawar a watan Disamba 2014 su kashe mutum fiye da 140, yawancinsu yara ba. Ita da Indiya kowa yana da shi, a watan Mayu 2025 suka yi kwana huɗu suna harbin juna, duniya ta kama ciki. Makamin da ba ya korar ɓarawon shanu, ba ya bambanta soja da jariri, wannan ba garkuwa ba ce.

Afirka ta riga ta zaɓi hanyarta. Shugabanninta sun yi shela a Alƙahira a 1964 cewa ba a son nukiliyar yaƙi a wannan nahiya. Afirka ta Kudu ta ƙera bom 6 a zamanin wariyar launin fata, ta wargaza su da hannunta. Yarjejeniyar Pelindaba, wadda aka sa wa hannu a 1996 ta fara aiki a 2009, ta hana ƙerawa da gwadawa da ajiye bom ɗin kowa a ƙasar Afirka. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar haramta shi baki ɗaya ran 6 ga Agusta, 2020. Ba kuma ilmin muke ƙi ba. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike tun 2004, ana auna ƙasar noma da ma'adinai da ita. A 2018 aka cire mata makamashin da za a iya karkatarwa zuwa bom, aka mai da shi Sin, aka sa mata wanda ba shi da wannan haɗari. Ilmi ya zauna, guba ta tafi. Haka muke so.

INDA TSARONMU YAKE

Ku shiga Bompai da Sharada da Challawa ku ƙirga ƙofofin da aka garƙame. Dattawanmu suna tuna lokacin da Kano ke bin Ikko a yawan masana'antu, jiniya na kaɗawa sau uku a yini, masu kekuna suna cika titi, masaƙu suna aiki dare da rana. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da rashin wuta, da tsadar man inji, da atamfar fasa-ƙwauri, aka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, waɗansu sun koma sito, waɗansu ciyawa ta cinye. Jikokin ma'aikatan nan su ne ke zaune a bakin titi ba aikin fari ba na baƙi. Wanda ke neman yaron da zai ba bindiga ko ƙwaya, nan yake zuwa. Kowace masaƙa da aka rufe, ganuwa ce aka rushe. Kuma masana'antar Kano ba ta rayuwa sai da kasuwar Nijar da Chadi da Kamaru. Maƙwabci da masana'anta, su ne sojanmu na gaskiya.

Saboda haka ga abin da muke nema, a fili ba a ɓoye ba.

Na ɗaya, kada a ba wata ƙasa, ko ta yamma ko ta gabas, ko taki ɗaya na ƙasarmu ta kafa sansanin soja. A watan Mayu 2024 waɗansu masana na Arewa, har da Farfesa Attahiru Jega, sun rubuta wa shugaban ƙasa da majalisa takarda kan haka, gwamnati ta ce babu wannan shiri. Mun ji. Amma kakanninmu ma haka aka ce musu kafin asiri ya tonu, don haka muna so a mai da shi doka.

Na biyu, duk yarjejeniyar tsaro da za a ƙulla da wata ƙasa, a kai ta gaban majalisa, a karanta ta a rediyo da Hausa da sauran harsuna. Tsarin mulkin 1999 ya ce ba a shelar yaƙi sai da yardar majalisun tarayya biyu, ba a kuma tura soja yaƙi waje sai da amincewar majalisar dattawa. Wakilanmu su san nauyin da ke kansu.

Na uku, kada a sake mai da iyaka da lantarki makamin horon talaka. In shugabanni sun ɓata, su hana juna biza, su riƙe wa juna kuɗin banki, su bar mai albasa ya wuce.

Na huɗu, a zauna da Nijar, ko wa ke mulkinta, a haɗa kai kan ɗan bindiga. Jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, ya zama hanyar kaya da zumunci, a kuma ba masana'antunmu wuta tsayayya don su sami abin lodawa.

Na biyar, Nijeriya ta goyi bayan Aljeriya wajen neman Faransa ta bayyana inda ta binne tarkacen gwajinta, ta kwashe, ta biya waɗanda suka cutu. Ƙasar da ta kori jakada a 1961 bai kamata ta yi shiru ba.

'Yan'uwa talakawa, maza da mata, kada wani mai babbar riga ya ce muku wannan magana ta fi ƙarfinku. Ɗan da za a tura bakin dāga naku ne, kayan da za su ruɓe a iyaka naku ne, iskar da za a gurɓata ku za ku shaƙa. Ku tattauna wannan a rassan jam'iyya, da rumfunan 'Yan Lemo da 'Yan Katako, da tashar mota. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a, kafin ku karɓi gaisuwarsa ku tambaye shi: in an kawo takardar sansanin baƙi, ko ta yaƙi da maƙwabci, hannu za ka ɗaga ko ƙi za ka yi? Ku sa ya amsa a gaban mutane, ku kuma riƙe amsar.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya ba talaka sawaba. Amin.